Kafin a biya kuɗin akwatin kayan aiki mai taya, a ɗora masa kaya tukuna

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Duk wanda yake da ɗa ko ƙane a gareji, ko yake da hannu a sayen kayan tallafin da ake raba wa matasa, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Kwanakin baya ina kan hanyar gida, motata ta fara zafi daf da Kwanar Dangora. Na gangara wajen wasu makanikai na bakin titi. Ana duba lagireto sai wani yaro ya ce, "Yallaɓai, ga wuri zauna." Abin da ya nuna mini wani jan akwatin ƙarfe ne, irin dogon nan mai durowoyi da taya huɗu, wanda ake turawa a manyan gareji. Tayoyi biyu babu, an tokare gefen da bulo. Durowar ƙasa ta zazzago ta karkace, ta sama kuma an ɗaure ta da waya.

Na ce masa, wannan fa? Ya yi dariya ya ce, "Ai na tallafi ne, Yallaɓai. Ranar da aka ba mu har hoto aka yi mana da shi. Ko wata bai rufa ba ya zama benci." Na ce to ina kake zuba kayan aikinka? Ya nuna mini wani tsohon bokitin fenti, sifanu da filaya duk a cakuɗe da baƙin mai.

Ban tambaye shi wa ya raba ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba. Ba da wani honarabul ko wata jam'iyya nake ba, domin wannan ciwo kowane ɓangare yana da shi. Abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai lokacin ni ma sayen irin wannan akwati ne a gabana.

Ɗan yayata ya shekara biyar yana koyon gyaran mota a Tudun Wada, maigidansa ya ce lokacin yaye ya yi. Uban yaron ya rasu, don haka mu kawunnai muka yi karo-karo, uwarsa ta sayar da tumakinta biyu, aka kama masa ɗan shago mai daɓen siminti. Kuɗin kayan aiki aka damƙa a hannuna, wai ni ne ɗan boko. Yaron kuwa tuni ya turo mini hoton wani akwati ta WhatsApp, ja jawur, yana sheƙi, da rubutu a ƙasa: "Kawu, wannan nake so, an ce za a yi mana oda." Wallahi da ban zauna a kan wancan benci ba, da tuni na tura kuɗi. Sai na ce masa a'a, ba za mu yi cinikin biri a sama ba da kuɗin tumakin uwarka. Na roƙi maigidan nasa ya raka mu Kano.

Dattijo ne, ya haura shekara sittin, bai yi boko ba. Da muka je ɗaukarsa na ga ya jefa wani buhu mai nauyi a but. Na ce, Baba, me ke ciki? Ya ce, "Ma'auni ne, Malam. Za ka gani." Muka wuni tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Abin da na koya a wunin nan, na haɗa da ɗan abin da na bincika daga baya, shi zan zayyana muku.

Abu na farko da ya yi a kowane shago, kafin ma ya kalli fenti, shi ne ya kama hannun akwatin ya ɗaga gefe ɗaya. In ya ji shi sakayau sai ya wuce, ko magana ba ya yi. Daga baya na gane hikimar. Farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa kusan kilo 8 ne. Saboda haka akwati biyu masu girma ɗaya, in ɗaya ya kusa ninka ɗaya nauyi, to ƙarfensa ma ya kusa ninka shi kauri. Fenti yana iya ruɗin ido, amma nauyi ba ya ƙarya. Masu ƙera irin waɗannan kaya suna auna kaurin ƙarfe da geji, kuma abin a juye yake: lamba tana ƙaruwa, ƙarfe yana sirancewa. Geji 16 kusan milimita 1.5 ne, geji 18 kusan 1.2, geji 20 kusan 0.9, geji 24 kuwa kusan 0.6, wato ɗan uwan gwangwani. In mai shago ya ce maka nasa geji 24 ne yana alfahari da girman lambar, ka san inda aka dosa. Dattijon nan bai san waɗannan lambobi ba. Babban yatsa kawai yake sawa ya danna tsakiyar bangon akwatin da saman murfinsa. In ya lotsa ya dawo da ƙara "ɓam", sai ya ce langa-langa ne.

Na biyu, durowa. Nan ne buhun ya yi aikinsa. Ashe tsofaffin sifanu ne da guduma da wasu ƙarafan mota ya tara a ciki, abin da zai kai rabin buhun siminti. Sai ya nemi izinin mai shago, ya jawo durowa har ƙarshe, ya zuba mata kayan, sannan ya tura ya jawo, ya tura ya jawo. Ya ce, "Durowa ba kaya ai kowacce lafiyayya ce. Sai ta ɗauki ciki ake sanin halinta." Akwai wadda ana zuba mata kayan ta sunkuyar da kai, ta ƙi komawa sai da aka tallafe ta da hannu. Akwai wadda gindinta ya yi ciki kamar ƙwarya. Ta kirki kuwa da yatsa biyu take tafiya, ta fito gaba ɗaya har ka ga ƙarshenta, in ka rufe ka ji ta ɗan kama, yadda ba za ta buɗe da kanta ba in ana tura akwatin.

Sirrin yana jikin ƙarfen nan na gefe da durowa take gudu a kai. Wani mai boris ne, ƙananan ƙwallayen ƙarfe a jere. Wani kuma ƙarfe ne kawai ke goga ƙarfe, ko ƙaramar tayar roba. Kamfanonin da suka yarda da kayansu sukan rubuta kilo nawa kowace durowa za ta ɗauka, da yawa za ka ga wajen kilo 45, ɗan ƙasa da buhun siminti mai kilo 50. In babu wannan rubutu a jikin kwali ko a takarda, to wanda ya ƙera shi ma bai yi maka alkawarin komai ba. Dattijon ya kuma cire durowa ɗaya gaba ɗaya ya leƙa ciki da fitilar waya, don ya ga da me aka kafe wannan ƙarfe a bango, kuma ko za a iya kwance shi a sauya in ya lalace. Ya ce mu tuna da ƙurar hunturu. Ƙura in ta haɗu da giris sai ta zama kamar yashi, ta cinye boris. Saboda haka wanda ba a iya cire durowarsa a wanke da kananzir a sake shafa mai, ba na ƙasarmu ba ne.

Na uku, taya. Ya sa aka kwantar da wani akwati muka leƙa gindinsa. A nan ake yawan yin algus, don ba kowa ke durƙusawa ba. Tayar kirki tana da girma, kamar inci 5, tana da faɗi, kuma an ɗaure ta da noti huɗu a jikin wani ƙarfe mai kauri da aka ƙara a gindin. Biyu tsayayyu ne, biyu masu juyawa, kuma masu juyawar suna da birki. Ta banza kuwa ƙarama ce kamar ta kujerar ofis, an soke ta da ƙusa ɗaya a jikin fallen ƙarfen gindin. Ranar da aka cika akwatin da kaya aka tura shi ya ci karo da dutse, ƙusar za ta yage ƙarfen ta fita da shi. Abin da ya sami na yaron Kwanar Dangora ke nan. Da kayan a ciki dattijon ya tura akwatin ya tsallaka da shi dokin ƙofar shagon, ya taka birki, sannan ya jijjiga ya ga ko zai motsa.

Na huɗu, walda da tsayuwa. Ya kama kusurwa biyu na sama ya murɗa, kamar mai matse wanki. In jikin ya bi hannunsa ya karkace, to ɗigon waldar ya yi nisa da juna, ko ma lanƙwasa ƙarfen kawai aka yi aka maƙala. Ya shafa bakin durowoyi da tafin hannu. Na kirki an naɗe bakin ƙarfen ciki, wanda yake ƙara masa ƙarfi kuma ba ya yanka. Na banza kaifi gare shi kamar reza. Ya kuma buɗe durowoyin sama biyu da kaya a ciki yana riƙe da akwatin, don ya ji ko zai rinjaya gaba. Wannan ba abin wasa ba ne. Akwati cike da ƙarfe in ya kife kan ƙafar yaro ɗan koyo, sai asibiti. Shi ya sa ake zuba manyan kaya a durowar ƙasa, ƙanana a sama, kuma ba a buɗe su duka a lokaci ɗaya.

Na biyar, makulli. Wannan ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tsoro. A wani shago akwai akwati uku iri ɗaya a jere. Dattijon ya zare makullin na farko ya zura a na biyu, ya buɗe. Ya zura a na uku, ya buɗe. Ku yi tunanin an raba irin wannan ga matasa hamsin a gari ɗaya. Bayan ya kulle kuma sai ya ja kowace durowa da ƙarfi, domin wani makullin durowar sama kawai yake riƙewa da gaske, na ƙasa in ka fizga sai su biyo ka. Makanike dukiyarsa ke nan kacokan. In aka kwashe masa sifanu dare ɗaya, ya koma yaron wani.

Na ƙarshe shi ne fenti, abin da mu muke fara kallo. Akwai fentin gari da ake gasawa a jikin ƙarfe da wuta, akwai na feshi da ake watsawa sama-sama. Ya ce kada mu kalli gaba, mu kalli ciki da ƙasa da bayan durowa, inda mai ƙera yake zaton ba za a duba ba. In can ƙarfe ne tsirara, ko har tsatsa ta fara tun a shago, to damina ɗaya ta ishe shi. Mu kuma nan kudancin Kano, musamman daga Tudun Wada zuwa Doguwa da Riruwai, ruwan sama ya fi na sauran sassan jihar. Ga man birki da yake cin fenti mara kyau in ya zuba.

Amma maganar da ta fi shiga raina ba a shago ya yi ta ba, a mota ya yi ta muna dawowa. Ya ce, "Malam, kafin duk wannan, tambayar farko ita ce, a ina za a tura shi?" Taya daɓe take so. Yaronmu yana da daɓen siminti, shi ya sa mai taya ya dace da shi. Amma mai gyaran babur da ke ƙarƙashin bishiya a Dadin Kowa ko Yako, ko mai gyaran injin ban ruwa da ake ɗauka a babur zuwa gona a gefen Tiga, me zai yi da akwati mai taya? A cikin jar ƙasa da taɓo zai tura shi? Kuma in dare ya yi a ina zai kwana? Wannan ƙaramin akwatin hannu mai kauri yake buƙata, wanda zai sa wa kwaɗo ya ɗaure a bayan babur, sauran kuɗin a saya masa sifanu na gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa yake tambayarsa?

Ƙarshe dai ba mu sayi jan nan mai sheƙi ba. Wani na gwanjo muka saya, fentinsa ya koɗe, da ɗan lotsawa a gefe, sai da mutum uku suka ɗora shi a mota. Taya ɗaya muka sauya. Yaron ya ɓata rai a hanya, ya ce, "Kawu, abokaina za su ce tsoho aka saya mini." Maigidansa ya ce masa, "Kai dai ka yi shiru. Wannan sai ka yaye naka yaran yana nan." Ba ina cewa duk sabo banza ne ba, mun ga sababbi masu kyau ƙwarai, kuɗinmu ne bai kai ba. Ba kuma duk na gwanjo ne na kirki ba, shi ma sai da ya sha gwajin buhu.

To yanzu bari in zo inda nake son zuwa. Tsoho ɗaya da buhun tsofaffin ƙarafa ya tantance akwati a cikin minti goma. Me ya sa mu, da digirinmu da kwamitocinmu da fayil-fayil ɗinmu, muke karɓar ɗaruruwan irin wanda ya zama benci, mu sa hannu a biya?

Na ce "mu" ne da gangan. Na haura shekara goma sha biyar a aikin gwamnati, kuma ba zan wanke kaina ba. An taɓa sa ni a kwamitin karɓar wasu kayan sana'a. Mota ta zo da yamma, gobe da safe bikin rabo, an riga an kafa rumfuna. Muka ƙirga kwalaye, lissafi ya cika, muka buɗe ɗaya na sama muka ga yana ƙyalli, aka cike takardar shaidar shigar kaya sito, muka sa hannu. Babu wanda ya jawo durowa. Babu makanike ko tela ko mai walda ko ɗaya a cikinmu. Ban ci ko sisi ba, Allah shi ne shaida, amma na sa hannu a kan abin da ban sani ba, kuma da wannan sa hannun aka biya ɗan kwangila. Da na zauna a kan bencin nan na Kwanar Dangora, wannan yammacin ne ya faɗo mini a rai.

Matsalar tun daga takarda take farawa. Za ka ga an rubuta "akwatin kayan aikin makanike, guda kaza", shi ke nan. Ba kaurin ƙarfe, ba nauyi, ba girman taya, ba kilo nawa durowa za ta ɗauka. Wanda ya rubuta haka ya ba ɗan kwangila lasisin kawo mafi arha a kasuwa, kuma ba ka da bakin cewa ya saɓa, don ba ka faɗa masa komai ba. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ba ta ce a ɗauki mafi arha ido rufe ba. Abin da ta tanada shi ne a ɗauki mafi sauƙin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. In ba a gindaya sharaɗi ba, gwangwani ma ya cika.

Kuma ba ƙananan kuɗi ake magana ba. A baya an yi shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu, kuma kaso mai yawa a rabon kayan tallafi ya tafi. A 2019 marigayi Shugaba Buhari da bakinsa ya koka cewa an kashe kusan tiriliyan ɗaya a shekara goma kan waɗannan ayyuka ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu. Gini ko rijiya ana iya zuwa a gani ko bayan shekara biyar. Amma akwati da keken ɗinki da injin markaɗe, da zarar an watse daga wajen taro, wa zai bi su gida-gida ya ga ko suna aiki?

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce, "Malam, kyauta ce fa, wanda aka ba kyauta ai godiya ce tasa." Ni ban yarda ba. In mutum ya ciro daga aljihunsa ya ba ka, ko allura ce ka gode. Amma abin da aka saya da kuɗin baitulmali haƙƙin jama'a ne, an kuma rubuta a takarda cewa an kashe kaza a kan yaron nan. In an rubuta kuɗin nagari aka kawo masa na banza, an cuce shi sau biyu: bai sami kayan ba, kuma sunansa ya shiga jerin waɗanda aka riga aka tallafa wa, gobe in wani rabo ya zo a ce ai shi ya samu.

Wasu za su ce, "Kuɗin ne ba ya isa, gara a ba mutum ɗari mai arha da a ba talatin mai tsada." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman tun 2023 da aka cire tallafin mai darajar naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Amma a yi lissafin bayan wata shida, ba na ranar biki ba. Mutum ɗari da benci ɗari, ko mutum talatin da suke cin abinci har su ɗauki yara? In kuma lallai ana son a kai ga ɗarin, ai ga hanyar da dattijon nan ya nuna: a bar mai taya, a sayi ƙaramin akwatin hannu mai ƙwari da sifanu na gaske. Sai dai shi ba ya cika ido a hoto, kuma ina jin nan ne gizo yake saƙar. Sau da yawa don kyamara ake sayen kayan, ba don gareji ba.

Wasu kuma za su ce ai yaran ne ke sayar da kayan tun a bakin ƙofar wajen taro. Gaskiya ne, yana faruwa, kuma abin kunya ne. Amma a tambaya, wa aka ba? In ka ba ɗan jagaliya kayan makanike, me zai yi da su in ba sayarwa ba? In kuma ka ba makanike na gaske abin da ya san ba zai yi wata ba, shi ma gara ya karɓi ɗan abin da ya samu kafin ya karye a hannunsa.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma babu wanda yake buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi.

A tambayi masu sana'ar kafin a rubuta takarda. Makanikai suna da ƙungiyarsu ta NATA, kowane gari kuma akwai dattawan gareji da kowa ya sani. Zama ɗaya da su a Kiru ko Bebeji ya isa a san me ake buƙata da abin da ba a buƙata.

A rubuta sharuɗɗa da lambobi: kaurin ƙarfe milimita kaza, nauyin akwati ba kaya kilo kaza, kowace durowa ta ɗauki kilo kaza, taya inci kaza, makulli kowanne daban. Nauyin nan kaɗai ya isa ya kori rabin algus, don sikelin da ake auna masara da shinkafa a kasuwar Tudun Wada zai iya tabbatar da shi.

Ɗan kwangila ya kawo samfur guda ɗaya tukuna, a gwada, a ajiye shi a sito. Ranar kawo kaya a zaro daga tsakiyar mota da ƙarshenta, ba na sama da aka tanada ba, a gwama da samfurin. Kuma a sa mai sana'a a kwamitin karɓa, da buhunsa.

Kada a sa ranar biki sai an gama karɓar kaya. Rumfar da aka riga aka kafa ita ce take tilasta wa ma'aikaci sa hannu cikin dare.

A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na 'yan watanni, kamar yadda ake yi a kwangilar gini, in kaya sun lalace ya sauya.

Sannan a duba na gida. Masu waldarmu da suke ƙera ƙofofi da tankuna da bodin mota, da maƙeran Kano da suka daɗe suna yin akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana, in aka ba su samfur da ma'auni za su iya yin akwatin kayan aiki da ƙarfen angul da faranti mai kauri. Wataƙila ba zai yi sheƙin na kwali ba, kuma su ma sai an gwada nasu da buhu, don a cikinsu ma akwai masu ha'inci. Amma in ya lalace ka san ƙofar shagon wanda ya yi, kuma kuɗin ya zauna a Kofa ko Dangora maimakon ya tsallaka teku.

Ku kuma matasa masu sana'a da iyayensu, in da kuɗinku za ku saya, kada kunya ta hana ku gwaji. Ku tafi da wanda ya sani. Ku ɗaga, ku danna, ku zuba kaya, ku tura, ku leƙa ƙasa, ku gwada makulli. Ku karɓi rasit, ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ku biya. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba, wani ma da kansa ya kawo mana kujera yana dariya, ya ce Baba ya gwada son ransa. Wanda ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sallama cikin mutunci. Masu oda ta waya kuma, ku nemi a faɗa muku nauyi da kaurin ƙarfe a rubuce, ku fara da guda ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce a sayar maka da rariya da sunan ƙwarya.

'Yan uwana ma'aikata, masu sito da oditoci da 'yan kwamiti, na san matsin da ake sha. Na san yadda waya take ƙara a ce "oga yana jira". Ba kowa ne zai iya cewa a'a kai tsaye ba, kowa yana da iyali. Amma ko ba komai kana iya cewa a buɗe kwali biyar a gabanka, kana iya rubuta abin da ka gani a fayil kafin ka sa hannu. Sa hannun nan shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta inda babu oga. Ni dai na yi wa kaina alkawari, ba zan ƙara sa hannu a kan kayan sana'ar da mai sana'ar bai taɓa da hannunsa ba. In an cire ni daga kwamiti saboda haka, Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Lokacin siyasa yana ƙaratowa, za a yi ta rabon kaya daga Bebeji har Doguwa. Duk wanda ya raba na kirki, mu yaba masa ko daga wace jam'iyya yake, mu kuma yi masa addu'a. Amma a bar yabon sai bayan wata shida, a je gareji a ga ko durowa tana buɗewa.

Makanikai da masu walda da ke bibiyata, na san kun fi ni sanin wannan fanni nesa ba kusa ba. In na yi kuskure ku gyara mini, in akwai gwajin da na manta ku ƙara a ƙasa don wasu su amfana. Wanda kuma aka taɓa ba shi kayan tallafi, ya faɗa mana gaskiya, suna aiki ko sun zama benci? Ba sai an kama sunan kowa ba, kuma don Allah ban da zagi.

Yaronmu dai ya buɗe shago, jiya ma ya kira ni wai ya sauke giyar wata motar ɗaukar masara shi kaɗai. Ku sa shi a addu'a. Allah ya sa wa sana'o'in matasanmu albarka, ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.